Hanyar Jirgi a Gonar Kaka

Makarantar firamaren da ke bayan gidana a nan Kalgo ba ta da ƙararrawa. Guntun ƙarfen dogo suka samo suka rataye a reshen darbejiya, kullum da safe a ƙwanƙwasa shi yara su shiga aji. Maƙwabta sun saba, ba sa ma jin sa. Ni kuwa ko wanke-wanke nake yi sai hannuna ya tsaya cikin ruwa. Ban san ta inda guntun dogo ya biyo ya iso garin da jirgin ƙasa bai taɓa takawa ba. Abin da na sani shi ne ƙarar nan ta ƙarfe mai lafiya ce, ba tsaga a jikinsa, kuma wanda ya koya mini jin wannan bambancin ya daɗe a ƙasa. Kakana ne, mahaifin babanmu.

A wani ƙauye kusa da Gwandu aka haife ni, a gidan maƙera. Kaka ma a bakin zuga-zugi ya tashi, amma da ya zama saurayi sai ya bi motar gyaɗa ya yi gabas, har Ƙaura, inda layin dogo ya ƙare. Can ya shiga aikin reluwe. Aikinsa bin layi da ƙafa, da 'yar guduma a hannu, yana bugun ƙarfe yana saurare, inda ya ji murya ta canza ya tsaya a gyara. Bai dawo gida ba sai da furfura ta gama cin gemunsa. Abin da ya dawo da shi bai cika buhu ba: kwat ɗin kaki mai manyan maɓallai, gudumar nan, da wata magana da ya ji daga bakin manyansa, cewa layin ba a Ƙaura zai tsaya ba, zai wuce Sakkwato, daga nan ya gangaro ƙasarmu. Kaka ya riƙe maganar nan kamar yadda ake riƙe alkawarin mutumin kirki.

Tun da jirgin bai iso ba, sai ya gina nasa a bayan rumbu. Kowace shekara bayan girbi yake farawa, in karan dawa ya bushe. Ni ce abokiyar aikinsa, don ni ce jikar da ba ta da aikin yi sai surutu. Yana kirana amarya, ina kiransa tsohon miji, irin wasan jika da kaka, kuma da wannan lasisin nake faɗa masa abin da ko babanmu bai isa ya faɗa ba.

In kana son sanin yadda ake yi, bari in gaya maka, don har yau hannuna bai manta ba. Da ƙasa ake farawa. Za a yayyafa ruwa, a daɓe, a bar ta ta sha iska, sannan a barbaɗa toka saboda gara. Ni nakan ƙosa in ga tarago, shi kuwa sai ya ce, "Amarya, dogo ba shi son gaggawa. In ƙasa ba ta kwanta ba, ƙarhe ba shi kwantawa." Daga nan a tsaga kara a yanka guntu-guntu a jera, su ne katakon ƙarƙashi. Dogon kansa da ƙarafunan tsohuwar laima yake yi, ya miƙe su a kan uwar maƙera, tsakaninsu faɗin yatsunsa uku, ba ƙari ba ragi. Taragai gwangwanin kifi ne, ƙafafu marfin kwalba, a ɗiga man gyaɗa a gindin kowace ƙafa don kada ta yi kuka. Wurin kwana kuwa sai ya ɗan ɗaga ƙarfen waje da ƙasa, in ba haka ba jirgi zai kife. Kan jirgin gwangwanin madara ne, a cusa busasshen kashin jaki a ciki a sa masa garwashi, hayaƙi ya riƙa fita ta bututu. Mutum-mutumi ne kawai ba ya yi, ya ce shi ba ya ƙera abin da ba zai iya hura wa rai ba. Fasinjojinmu gyaɗa ce mai ɓawo, kuma sau da yawa ba sa isa tasha, don mai duba tikiti takan cinye su a hanya.

Yana ja da zare yana ba ni labari. Wai a zamaninsu in jirgi ya yi jiniya da rana tsaka, mata sun san lokacin ɗora tukunya ya yi, ladan ma ba sai ya duba inuwa ba. Wai a ciki har shayi ake sayarwa, mutum ya shimfiɗa tabarmarsa ya yi barci a Gusau ya farka a Zariya, kayansa na nan inda ya ajiye. Ya yarda cewa kusan barinsa aiki jirgin ya fara makara, wani lokaci a wuni ana jira. Amma a wurinsa wannan ciwo ne irin na zazzaɓin damina, zai wuce.

Da a bayan rumbu abin ya tsaya, da ba wanda zai damu. Tsoho da wasan yara, sai a yi murmushi a wuce. Amma Kaka ya kai jirginsa har gona. Gandunmu yana tsakanin ƙauye da fadama, kuma shi da idonsa na mai bin layi ya duba ƙasar ya yanke cewa in dogo zai zo, ta tsakiyar gonarmu zai bi, don nan ne ƙasa ta fi miƙewa. Saboda haka kowace damina sai ya bar wani zirin wuri, daga wannan kai zuwa wancan, ba a sara ba a shuka. Ya ce kada ma'aikata su zo su iske gero a hanyarsu, su ji nauyin mutane su karkata layin. Gero dama, gero hagu, tsakiya ciyawa. Duk ƙauyen da hanyar jirgi suka san wurin.

Jirgi ɗaya ne na taɓa gani ya bi ta, shi ma mai ƙaho. Akwai wani tsohon Bafulatani da rugarsu ke bayan gari, abokin wasan Kaka, ka san Fulani da maƙera ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Da damina, in gonaki sun rufe ko'ina, ta hanyar jirgi yake kora shanunsa zuwa fadama su sha ruwa, ɗaya bayan ɗaya, ba mai taɓa zangarniyar kowa. In ya hango Kaka sai ya ɗaga sanda ya ce, "Maƙeri, kauce bisa layi, jirgin sahe ya taho." Kaka ya ce, "Jirgin da ka kashi bisa hanya, ban taɓa ganin irinai ba sai naka." Su yi ta yi har shanu su wuce. Da rana matar tsohon ta biyo da ƙwaryar nono ta zauna wurin innarmu.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke gero na cikin fidda kai. Rumbu bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Na tuna tuwon dare ya koma kunu, kunun ma aka fara tsinka shi, ƙannena suna lashe ludayi suna kallon tukunya. A shekarar ce kuma yanar ido ta rufe wa Kaka gani, har sai ya shafa kafin ya gane gwangwanin kifi da na madara. Na fara jin manya suna magana ƙasa-ƙasa, suna cewa tsufa ya fara taɓa shi. Abin yana ƙona mini rai, amma ni ma cikina yana kuka, kuma na san faɗin wurin da ake bari.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, babanmu ya zo bayan rumbu ya durƙusa. Ina zaune ina tsaga kara. Ya daɗe yana zana ƙasa da tsinke kafin ya ce, "Baba, bana kun ga yadda munka wuni. Yara sun ƙaru. Wurin nan da aka bari, in an shuka shi, zai rage wani abu."

Kaka bai ɗago ba. Ya ce, "Hanyar jirgi ta."

Babanmu ya ce direbobi suna faɗin ko can Ƙaura jirgin ya daina zuwa. Kaka ya ce direban mota bai taɓa yabon jirgi ba. Daga baya ya ajiye zaren hannunsa ya ce gani ya kori ji, zai je da kansa. In ya iske jirgi na tafiya, kada wanda ya sake kawo masa zancen. In bai iske ba, shi da hannunsa zai sare wurin.

Bakina bai taɓa sanin linzami ba. Na ce, "Da wane idon za ka gani, tsohon miji?"

Babanmu ya harare ni, amma Kaka dariya ya yi. Ya ce, "Da naki, amarya. Shi ubanki gona ta cika mai ido." Haka aka yi na shiga tafiyar, ni da ko Gwandu sai ranar kasuwa ake zuwa da ni.

Mu uku muka tafi, da fura a gora da ƙuli-ƙuli a leda. Mota zuwa Sakkwato, wata zuwa Gusau, muka kwana gidan wani ɗan'uwa, da safe muka ƙarasa. Kaka ya sa kwat ɗinsa a cikin zafin nan, gudumar na aljihu tana jan rigar gefe ɗaya. Duk hanya yana gaya mini in riƙe hannunsa da kyau in mun isa, don tasha wurin turereniya ce, yaro na iya ɓata. Ni kuwa ina ta addu'a a zuci Allah ya sa jirgin na nan. Na san in yana nan kunu zai ci gaba da tsinkewa a gidanmu, amma duk da haka shi nake roƙo.

Da hantsi muka isa. Babanmu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mu shiga, shi zai jira. Sai da na girma na gane ba ya son ya zama shi ne zai faɗa wa Kaka babu jirgi.

Ba turereniya. Dogon gini ne mai rufin kwano, inuwarsa cike da awaki. A kan dakalin da fasinjoji ke tsayawa wata ta shanya barkono. Can gefe ga taragai, manya ƙwarai, sun fi ɗakin innarmu, tumfafiya ta fito tsakanin ƙafafunsu har ta yi fure.

Kaka ya matse hannuna ya ce, "Hwaɗa min, mi kika gani?"

Na ce ga taragai nan, manya-manya, kamar yadda ya faɗa. Gaskiya ce, kuma na so in tsaya a nan. Ya ce suna motsi? Na ce suna tsaye. Ya ce mutane fa? Na duba dama na duba hagu na ce sai awaki.

Sai ya ce in kai shi bakin layi. Na sauko da shi a hankali, ƙaya na kama mana tufafi. Ya tsuguna ya lalubi ƙarfen, ya ciro guduma ya buga. Ƙarar ta tafi, doguwa, siririya, irin wadda nake ji yanzu kowace safiya. Fuskarsa ta ɗan saki, ya ce, "Ƙarhen lahiya lau yake." Sannan ya ɗora tafin hannunsa a bayan dogon ya shafa. Tun a bayan rumbu ya sha gaya mini ƙarfen da ake takawa ba ya tsatsa, sumul yake kamar bakin hauya tsakiyar damina. Ya murza yatsunsa, ya kai hanci ya shinshina. Ni na ga hannun ya yi ja, shi bai gani ba, amma maƙeri ba ya buƙatar ido a kan tsatsa. Ya daɗe a tsugune. Daga nan sai ya kama wata ciyawa da ta fito tsakanin katako ya tumɓuke, ya lalubi ta gaba ita ma ya tumɓuke. Na rasa abin yi, sai na tsuguna ina taya shi.

A haka wani dattijo mai gadi ya same mu. Da ya ga kwat ɗin sai ya gaishe da Kaka da girmamawa, ya ce rabon da ya ga jirgin fasinja a nan har ya manta, amma ana ta cewa za a gyara. Kaka ya gyaɗa kai ya ce, "Mu ma haka anka ce muna."

Duk da haka ya ce mu jira lokacin jirgin rana. Muka zauna a inuwa tare da awaki. Babanmu ya shigo ya dama fura ya miƙa masa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Da rana ta take tsaka ya miƙe, ya ɓalla maɓallan kwat ɗinsa har wuya, ya fuskanci kudu ya karkata kunne. Mun daɗe a haka. Abin da ya zo daga ƙarshe kiran sallar azahar ne daga cikin gari. Ya yi alwala, suka yi salla shi da babanmu da mai gadi, ya shafa addu'a ya ce mu tafi gida.

Ruwan shuka ya sauka bayan dawowarmu da 'yan kwanaki. Da safe, ƙasa na ƙamshi, Kaka ya ce a ba shi sungumi. Babanmu ya ce ya bari yara su yi, ya ce shi ya faɗa shi zai cika. Na shiga gabansa don ya bi muryata, amma ƙafarsa ta fi ni sanin wurin. Yana sara yana takawa, babanmu na biye yana zuba iri yana rufewa da diddige, kansa a ƙasa. A haka muka yi ta yi har muka fita ɗaya kan.

Gero ya fara tsiro sa'ad da tsohon Bafulatanin ya dawo da shanunsa daga yawon rani. Muna gona ina riƙe da hannun Kaka muka ji kukan shanu. Tsohon ya tsaya a bakin hanyar, ya dubi tsiron da ya cika ta, shanu sun taru a bayansa suna tura juna. Na jira tsokanar da aka saba. Bai ɗaga sanda ba. A hankali ya ce, "Maƙeri, ka ruhe tasha?"

Kaka ya ce, "Na ruhe."

Tsohon ya tsaya kaɗan, sannan ya juya shanunsa suka kama zagaye, ta gefen gonakin mutane.

Ba zan ɓoye maka ba, wurin nan ya yi gero irin wanda ban taɓa gani ba. Ƙasa ce da ta daɗe tana hutawa tana shan taki. Mun ci mun ƙoshi, ƙannena suka yi kumatu, kuma ban taɓa ganin laifin babanmu ba, uba ne da bakuna a gabansa. Jirgin bayan rumbu kuwa ruwa ya narkar da shi kamar kowace shekara. Bayan girbi na zaɓo kara masu kauri, na kawo wa Kaka na zube a gabansa na ce tsohon miji, lokaci ya yi. Ya shafa su ɗaya-ɗaya, ya yaba kyansu, sannan ya ce in kai wa innata ta hura wuta. Na shiga bayan rumbu na yi kuka har na gaji. Bai ga wata daminar ba.

Tsohon Bafulatanin ya zo gaisuwa ya zauna har aka watse. A daminar da ta biyo, wurin zagayen nan, wata saniyarsa ta faɗa waken wani, aka yi cacar baki har gaban mai gari. Aka sasanta, amma ƙwaryar nono ta daina shigowa gari. Wata rana muka wayi gari rugar ba kowa, sai turaku.

Yanzu na girme wa shekarun babanmu na wancan lokacin. Ƙanena ne ke noman gandun, kuma ya ce daga ƙauye har fadama babu inda jaki zai ratsa da damina, kowa ya shuka har bakin iyakarsa. Hanyar da muka bi zuwa Ƙaura ma ba kowa ke iya binta yau da kwanciyar rai ba. Na taɓa shiga jirgin ƙasa sau ɗaya, sabon nan, daga Kaduna zuwa Abuja. Yana da tsabta, da sanyi, ranar kuma ya tashi kan lokaci. Taga ba ta buɗuwa, kowa kansa na cikin wayarsa, ban ga wanda ya miƙa wa na kusa da shi ko goro ba. Da muka sauka na leƙa ƙasa na ga bayan dogon yana ƙyalli, sumul. Na so in sauka in shafa, wani ma'aikaci ya ce Hajiya, a matsa baya. Na matsa. Har yau in an yi zancen za a kawo layi jiharmu a rediyo, mijina yakan yi tsaki, ni kuwa sai in ji haushin kaina don na ƙara murya.

Bayan girbin bana autana ya dame ni in yi masa jirgi, don na taɓa ba shi labarin. Na sa aka kawo mini kara daga ƙauye, na daɓe ƙasa, na barbaɗa toka, na auna da yatsuna huɗu tun da nawa ba su kai na Kaka ba. Yaron ya zaɓi inda layin zai bi, kuma bai zaɓi ko'ina ba sai tsakiyar gida, daidai tsakanin ɗakina da madafa. Kullum sai na zagaya da tukunya a hannu. Ya gaji da shi tuni, ya koma ƙwallo, taragai na nan tsaye ƙura ta rufe su. Shekaranjiya mijina ya yi tuntuɓe da shi zai fita masallaci, ya ce don Allah a share wannan tarkacen. Da gari ya waye na ɗauko tsintsiya na tsaya a kansa. Sai aka buga ƙarfen makaranta. Na share dama, na share hagu, na ce masa ya riƙa zagayawa, hanyar jirgi ce.